Lambar Waya a Bangon Ɗakin Shanu

Tollef, Wisconsin
12 ga Maris, 1979

'Yar'uwa Maxine,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Ban sani ba ko za ki gane mai rubutun. Arvid Rustad ne, jikan Gunhild, ƙanwar kakanki Ole. Adireshinki na samu cikin kayan matata Norma, wadda ta rasu shekara ɗaya da rabi ke nan. Ashe duk Kirsimeti tana aiko miki da kati, ni ban sani ba.

Lafiyata lau, ban da gwiwar hagu da ke ƙara kamar tsohon ƙyaure. Shanu talatin da huɗu nake tatsa yanzu, biyar na asuba da biyar na yamma. Duane, yayan Norma, yana nan a gonar da ke jikin tawa. Shi ke kama mini aiki, kuma injin ɗaure ciyawa guda muke amfani da shi shekara ashirin da shida.

Ga abin da ya sa na rubuto. Akwai wani mutum da na sani a nan, ba yaro ba ne, yana tambaya ko a Minneapolis akwai wuraren da irin mutanenki ke taruwa. Yana son sunan wuraren, da titin da suke, da lokacin da ake cika. Na ce masa ina da 'yar'uwa da za ta sani.

Kada ki bugo waya. Har yanzu gida huɗu ne a kan layinmu, kuma in ta yi ƙara a gida ɗaya, sauran ukun sai sun ɗaga sun saurara. Kada kuma ki sa sunanki a bayan ambulan, don matar Duane ce ke raba wasiƙu a hanyarmu.

Ɗan'uwanki,
Arvid


Minneapolis
17 ga Maris, 1979

Arvid,

Lafiyata ƙalau, tunda ka tambaya bayan shekara ashirin da biyu. Na ji mutuwar Norma, ta kuma taɓa ni ƙwarai. Duk garin nan naku ita kaɗai ce ba ta ji tsoron rubuta sunana ba.

Na gane ka sarai. Kai ne ka tuƙa ni zuwa tashar bas a motar babanka ranar da aka kore ni daga koyarwa a makarantar Tollef. Mil goma sha huɗu, ko tari ba ka yi ba. Ka sauke mini akwati, ka juya mota. Kuma ka san abin da ya jawo korar: wani bawan Allah ne ya rubuta wa hukumar makaranta sunan wurin da aka gan ni, da titin, da lokacin.

To yau ga ka da tambayoyi uku: suna, titi, lokaci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Waɗannan tambayoyin ɗan sanda ne, ko na dattijon coci, kuma na ji an ce kai ke riƙe da mabuɗin cocin yanzu. Ɗan wa kuke farauta? Wane yaro ne ya gudo birni uwarsa ke kuka, kuka ce bari a tambayi Maxine?

“Irin mutanenki.” Mutanena suna da aiki, suna da masu gidan haya, wasu suna da 'ya'ya, kuma duk wannan wasiƙa ɗaya ke rushe shi. Ba zan ba ka ko sunan lungu ba. Ka gaya wa mutumin da ka sani in yana da baki ya yi magana da kansa.

Ambulan ɗin kamfanin irin shuka na sa, don kada surukarka ta sha wahalar ɗaga shi a rana.

Maxine


Tollef
2 ga Mayu, 1979

'Yar'uwa Maxine,

Ina fatan kina lafiya. Mun fita daga sanyi da ƙyar, saniya ɗaya ta mutu, sauran suna nan. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Sau biyar na rubuta wannan takarda, huɗu sun shiga murhu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu wani mutum. Ni ne.

Shekarata hamsin da tara, ban taɓa faɗa da baki ba. Ranar da na kai ki tasha, ba ƙyamarki ce ta hana ni magana ba. Tsoro nake ji in na buɗe baki in ce ki tafi da ni. Na san wannan bai wanke ni ba. Na bar ki kin ɗauki naki da nawa, na koma gida na tatsi shanu.

Norma ta sani. Ban gaya mata ba, ba ta tambaya ba, amma ta sani, kuma ban taɓa cin amanarta ba. Muna son rawa ni da ita. Shekara talatin da ɗaya, babu bikin da ba mu yi polka ba har a tashi. Tun da ta tafi ban ƙara takawa ba.

Ba wani babban abu nake nema ba. Ina so in shiga ɗaki sau ɗaya, in zauna, ba tare da ina lissafin inda idona ya sauka ba. In da wurin da ba za a yi wa tsohon manomi dariya ba, shi nake tambaya. Amma ki sani ƙarfe takwas nake barci, kuma ba na iya barin shanu sai wani ya tatsar mini. Wanin nan kuwa Duane ne, babu na biyu. In ya ji, na rasa shi, in na rasa shi kuma ba zan iya riƙe gonar nan ni kaɗai ba.

In kin yaga wannan ma, ban ga laifinki ba.

Arvid


Minneapolis
7 ga Mayu, 1979

Ɗan'uwa,

Muna lafiya, ni da Dot. Dot ita ce wadda muke tare shekara goma sha bakwai, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ta ƙwace wasiƙarka daga hannuna da ta ga na zauna da ita a matakala. Ta karanta, ta ce, “Maxine, kin yi wa mutumin nan wankin babban bargo a banza.” Na ce ba a banza ba, akwai tsohon bashi na mil goma sha huɗu. Amma na yafe. Kai ma ka yafe mini bakina.

Yanzu ka saurara, don na kwana biyu ina tuƙa bas a garin nan, na san kowace ƙofa.

Akwai babba a tsakiyar gari, hawa biyu, fitilu na juyawa. Ba a fara cika sai sha ɗaya, kiɗan kuma zai kaɗa maka haƙora. Yara ne, ba mugaye ba, amma za su kalle ka su ɗauka ka zo neman jikanka. Akwai wani kusa da layin dogo, ba taga, ba suna a ƙofa, kowa sanye da baƙaƙen kayan fata kamar sirdi. In ka shiga can da rigarka ta coci, suma za ka yi, ni kuma ba zan iya ɗaukarka ba. Wanda muke zuwa ni da Dot na mata ne, za su ba ka kujera don ni, amma ba abin da ka zo nema ba ke nan.

Naka shi ne gidan Rollie, a arewa maso gabas, bayan gidan burodin 'yan Poland. Rollie tsohon mai dafa abinci ne a jirgin ruwa, ƙato, bakinsa ba linzami, zuciyarsa kuma fara tas. Duk ranar Lahadi daga uku na rana zuwa bakwai yana ture tebura gefe, ya sa faifan kiɗan rawar polka da wals, ya dafa tukunyar wake da tsiran alade. Masu zuwa yawancinsu sun ba hamsin baya. Akwai masu aikin gidan waya, akwai wani tsohon malamin lissafi, akwai ma manoma biyu da ke tuƙo mota daga nesa. Da rana tsaka za ka shiga, da sauran haske za ka fito, kuma in baƙo ya tsaya a ƙofa yana murza hula, Rollie da kansa ke zuwa ya jawo shi.

Tatsar yamma ɗaya kawai za ka rasa. Ka nemo wa Duane dalili mai ƙwari, kada ka ambaci sunana. Na zana maka hanya a bayan takardar nan, na kuma rubuta lambar wayar Rollie a ƙasa, ko da ka ɓata a gari. Ka haddace, ka ƙona.

'Yar'uwarka,
Maxine


Tollef
30 ga Mayu, 1979

'Yar'uwa,

Muna lafiya, ki gaida Dot. A gurguje nake rubutu. Lahadi goma ga Yuni, in Allah ya kai mu, lokacin mun gama yankan ciyawa na farko. Na ce wa Duane zan je duba wani tankin sanyaya madara na hannu da aka sa a kasuwa. Ya ce, “Ranar Lahadi?” Na ce mai tankin ba ya zuwa coci. Ya kalle ni, ya ce to. Ƙaryata ta farko ke nan gare shi.

Abu ɗaya ke damuna, akwai karsana mai cikin fari da ta kusa. Lissafina ya ce sai ashirin ga Yuni za ta haihu.

Wace riga ake sawa?

Arvid


Minneapolis
11 ga Yuni, 1979

Arvid,

Ina fatan ka isa lafiya. Mu dai ba mu runtsa ba. Hularka tana nan, ka bar ta a kan kujera.

Tun jiya nake juya abin a raina. Ka shigo da farar riga an ɗaure maɓalli har wuya, Rollie ya ce, “Maxine, wannan ɗan'uwanki ne ko mai wa'azi kika kawo mana?” Ka yi ja har kunne. Awa guda kana riƙe da kofin giya ɗaya kamar za a ƙwace. Sai Clifford, malamin lissafin nan, ya zo ya ce, “Malam, ƙafarka tun ɗazu take rawa a ƙarƙashin tebur, ka bar ta ta fito mana. Kai za ka ja rawar in bi, ko ni zan ja?” Ka ce, “Ban taɓa bi ba.” Ya ce, “To ja, ni na iya duka biyu, shi ya sa na fi ka daɗewa a fili.” Na ga ka yi polka uku a jere, Arvid. Na ga ka yi dariya har da riƙe ciki. Dot ta matse mini hannu har ya yi zafi.

Abin da ba ka ji ba shi ne yadda Rollie ya ɗauki wayar, kuma gara ka ji daga bakina. Haka yake yi kullum, don ba mai bugowa sai na gida. Ya ɗaga ya ce, “Gidan Rollie, kyawawan mazan duk an kama, saura masu sanƙo, wanne kake so?” Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya rufe bakin wayar da tafi, amma ya makara, don ya riga ya ƙwala, “Wa ke rawa da Arvid? A sake shi, ana nemansa a gida.”

Na ce ka haddace, ka ƙona. Ban ce ka ba wa surukinka Duane ba. Da na tare ka a ƙofa na tambaye ka, ka ce a bangon ɗakin shanu ka rubuta, ƙarƙashin lambar likitan dabbobi, don ba a barin shanu ba a bar inda za a same ka ba. Na san haka ne, a gona aka haife ni, ubana ko jana'iza zai je sai ya rubuta a bangon. Laifina ne da ban tuna ba na ba ka lambar. Amma wallahi da na kama ka jiya da na shaƙe ka.

Rollie ya kasa cin abinci. Ya ce in gaya maka zai yi duk abin da ka ce, ko ya buga ya ce shagon tanki ne, wasa yake yi. Na ce ya rufa mana asiri ya yi shiru.

Me Duane ya ce? Daga wace waya ya bugo? Su wa suka ɗaga? Ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Maxine


Minneapolis
3 ga Yuli, 1979

Arvid,

Mako uku ke nan. Ban san ko kana lafiya ba, don haka ban san me zan ce a gaisuwa ba.

Sau biyu na ɗaga waya na fara juya lambarka, na tuna gida huɗun nan, na ajiye. Dot ta ce mu shiga mota mu zo. Na ce in aka ga fuskata a Tollef, abin da ya rage maka na sutura ya yaye. Ga shi na zauna kamar wadda aka ɗaure, ina tuƙa bas ina wuce tasha, fasinjoji na buga mini ƙararrawa.

Na san garin nan. Na san yadda ake yi wa mutum shiru har ya ji ƙasa ta ƙi shi. Kuma na san akwai bindigar babanka a bayan ƙofar kicin. Ina jin tsoro, na faɗa maka a fili. In gonar ce ta gagara, akwai ɗaki a gidanmu, ba mai kyau ba ne amma yana da taga.

In ban ji daga gare ka ba kafin ashirin ga wata, zan zo, kowa ya gani.

Maxine


Tollef
17 ga Yuli, 1979

'Yar'uwa Maxine,

Ina raye, ina lafiya, kada ki zo. Ki gaida Dot. Bindigar tana inda take, ko harsashi babu a gidan. Ki yafe mini shirun. Ban rubuto ba ne don ban san ƙarshen maganar ba sai shekaranjiya.

Ranar nan awa uku na yi a hanya ban san na yi ba. Na tarar da Duane a ɗakin shanu, hannunsa cikin karsanar har kafaɗa, ɗan ya zo da baya. Likita ya tafi wani gari, shi ya sa ya neme ni. Bai ɗago ba, ya ce, “Riƙe igiya.” Muka ja tare har maraƙin ya fito da rai, mace ce. Ya wanke hannu a bokiti, ya ɗauki rigarsa, ya fita. Na bi shi na ce, “Duane.” Ya ce, “Ina tankin?” Ya shiga mota.

Washegari da asuba na shigo na ga an shafe lambar da farar ƙasa. Ba ita kaɗai ba, har da rabin bangon. Na tsaya ina kallo, na ce shi ke nan, ya shafe ni ne. Daga ranar bai ƙara takowa ba. A coci ya koma ɗaya gefen. Matarsa tana ajiye wasiƙunki a akwati tana ɗaga mini hannu kamar kullum, na kasa gane ko ta sani. Duk wanda ya ce mini ina kwana sai in tsaya ina auna muryarsa. Mako biyar ina haka, na rame har wando na zamewa.

Ranar Alhamis na yanka ciyawa ta biyu ni kaɗai, don ba ta jira. Ta bushe a ƙasa, rediyo ya ce ruwa na zuwa Lahadi da yamma, injin ɗaurewa kuma yana rumfar Duane. Na kasa zuwa in roƙa. Na fito daga coci na zauna a bakin gona ina kallon hadari yana haɗuwa, ina kallon abincin shanuna na rabin sanyi zai ruɓe.

Ƙarfe ɗaya sai ga Duane a kan tarakta da injin a baya. Bai gaishe ni ba. Ya shiga layi, na hau keken kaya da ke bayan injin ina jera dami. Awa huɗu muna aiki. Mun shigar da na ƙarshe ɗigon farko na sauka a kwanon rufi.

Muna tsaye a ƙofar rumbu ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, “Norma ta sani?”

Na ce ta sani.

“Ka taɓa yi mata abin kunya?”

Na ce ko sau ɗaya.

Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya ce, “Kai wane irin wawa ne? Direban motar madara kullum a jikin bangon nan yake jingina yana karanta duk abin da ke kai. Gwangwani guda na farar ƙasa na ƙarar don kada ya ga an shafe wuri ɗaya ya tambaya.” Na ce to wayar fa, su wa suka ji? Ya ce, “Da na ga lambar birni ce, kuma ka yi mini ƙarya a kan tanki, ka ɗauka a layinmu zan buga? Gidan mai na je na buga a wayarsu. Mil shida, karsana na naƙuda.”

Maxine, sai na zauna a kan dami.

Kada ki ɗauka an koma kamar da. Ya ce ba zai ƙara cin abinci a teburina ba, don in ya zauna ƙanwarsa zai riƙa gani tana zuba mini kofi shekara talatin da ɗaya. Ya ce kada in taɓa ba shi labarin wurin, ko sunan kowa. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, don duk Lahadin duniya a kicin ɗina yake karyawa.

Da ya hau tarakta sai ya cire hularsa, ya juyo mini da cikinta. Lambar Rollie ce a jikin zanen, da rubutunsa, da fensirin kafinta. Ya ce, “Shanu ba su yi wa kowa laifi ba. Lahadin farko ta kowane wata zan iya tatsar yamma. Ka gaya wa ƙaton nan in na bugo ya amsa kamar mutum.” Ya mayar da hular, ya tafi cikin ruwa.

Lahadin farko biyar ga Agusta ce. Ki riƙe mini hulata. Ki ce wa Clifford gwiwar hagu ta gaji da ja, in bai damu ba, wannan karon ya koya mini bi.

Ɗan'uwanki,
Arvid